Tarihin Nazarin Irin Shuka a Ilmin Zaman Jama'a: Manomi, Ma'aikatar Bincike da Kamfani, 1928 zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan kaka ta yi aka girbe amfanin gona, manomi yakan zaɓi zangarniyar dawa ko ta gero wadda ta fi cika da kyan ƙwaya, ya ɗaure ta dabam, ya rataye a ɗaki ko ya adana a rumbu. Wannan shi ne iri. Komai matsin yunwa, shi ne abu na ƙarshe da za a taɓa, kuma duk gidan da aka ce sun cinye irinsu, to, an san wahala ta kai maƙura. Haka manoman duniya suka yi ta yi tun daga lokacin da aka fara noma, shekaru wajen dubu goma da suka wuce. Dalili kuwa shi ne iri yana da wata siffa wadda sauran kayan noma ba su da ita. Garma ba ta haifar garma, buhun taki ba ya haifar buhun taki, amma mudun wake yakan ba da abin da za a ci bana, ya kuma bar abin da za a shuka baɗi.

Cikin ƙarni na 20 wannan daɗaɗɗen tsari ya sauya a ƙasashe da dama. Iri ya bar rumbun manomi ya koma hannun tashoshin bincike na gwamnati, daga nan ya wuce zuwa gidauniyoyi da cibiyoyin ƙasa da ƙasa, daga bisani kuma ya faɗa hannun manyan kamfanoni. Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda masana ilmin zaman jama'a suka nazarci wannan sauyi. Za mu nuna cewa tambayar da suke yi ta sauya har sau uku. Da farko sun tambayi dalilin da ya sa manomi yake jinkirin karɓar sabon iri. Daga baya suka koma tambayar wane ne yake zaɓen abin da za a bincika. A ƙarshe suka zo kan tambayar wane ne ya mallaki irin, wane ne kuma yake da ikon ƙin sa. Mafi yawan wannan tarihi a Amurka ya auku, saboda haka a can za mu fi daɗewa. Amma za mu ƙare a Samaru ta Zariya, domin tun daga 2019 al'amarin ya iso gonakinmu da tukwanenmu.

2.0 Gwamnati, Jami'a da Masara Mai Aure

Cikin 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kafa Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, da kuma dokar Morrill wadda ta ba jihohi filaye domin su kafa kwalejojin noma. A 1887 dokar Hatch ta kafa tashoshin gwajin amfanin gona a jikin waɗannan kwalejoji, sa'an nan a 1914 dokar Smith-Lever ta kafa aikin malaman gona. Ta haka aka sami tsari mai ƙafa uku kamar murhu: kwaleji tana koyarwa, tasha tana bincike, malamin gona yana kai sakamako ƙauye. A wancan zamani gwamnati takan rarraba wa manoma miliyoyin ƙunshin iri kyauta ta gidan waya. Ƙungiyar 'yan kasuwar iri, wadda aka kafa a 1883, ta yi shekaru tana fafutukar a daina wannan rabo, har aka daina shi a 1924. Sai dai duk da haka cinikin irin hatsi bai yi armashi ba, domin wanda ya saya sau ɗaya ba shi da dalilin komawa.

Masara mai aure ita ce ta warware wa 'yan kasuwa wannan matsala. Wajen 1908 George Shull ya nuna cewa idan aka tilasta wa masara ta yi barbara da bununin kanta shekara bayan shekara, zuriyarta takan tsumbure ta yi rauni, amma idan aka haɗa aure tsakanin irin waɗannan zuriyoyi guda biyu, 'ya'yan farko sukan fito da ƙarfi da yabanya mai ban mamaki. Wajen 1918 Donald Jones, na tashar gwaji ta Jihar Konetikat, ya samo dabarar haɗa zuriya huɗu, wadda ta sa aka iya samar da irin da yawa a kan farashin da manomi zai iya biya. Amma akwai wani sharaɗi da halitta ta gindaya. Idan manomi ya ɗebi iri daga abin da ya girba ya sake shukawa, halayen iyayen sukan rarrabu, amfani ya ragu. Watau dole ya koma wurin mai sayarwa kowace shekara, shi kuwa mai sayarwa yana iya ɓoye asirin zuriyoyin da ya haɗa.

A 1926 Henry A. Wallace ya kafa kamfanin Hi-Bred a birnin Des Moines na Jihar Ayowa, wanda daga baya aka san shi da sunan Pioneer. Shi wannan Wallace ya zama Sakataren Aikin Gona na Amurka a 1933, ya kuma zama Mataimakin Shugaban Ƙasa a 1941. Ya kamata mu lura cewa da yawa daga cikin zuriyoyin da kamfanoni suka yi ciniki da su a farkon lamarin, tashoshin gwamnati ne suka samar da su da kuɗin jama'a. Kafin tsakiyar shekarun 1940 kusan dukkan masarar Ayowa ta zama mai aure.

3.0 Tambaya ta Farko: Me Ya Sa Manomi Yake Jinkiri?

A nan ne masana zaman jama'a suka shigo. Cikin 1941 Bryce Ryan da ɗalibinsa Neal Gross, na Kwalejin Jihar Ayowa, suka tattauna da manoman wasu ƙauyuka biyu, suka buga sakamakon a 1943 bisa bayanan mutum 259. Sun gano cewa sabon irin ya iso yankin a 1928, amma bayan shekara biyar kashi 10 cikin ɗari kaɗai suka karɓa. Cikin shekara uku da suka biyo baya adadin ya haura zuwa kashi 40, kuma ya zuwa 1941 mutum biyu ne kawai suka rage ba su karɓa ba. Sun kuma gano cewa yawancin manoman daga bakin dillalan kamfani suka fara jin labarin irin, amma abin da ya sa suka amince shi ne ganin gonar maƙwabci. Gani ya kori ji ke nan. Har ila yau, kusan babu wanda ya shuka gonarsa duka a karon farko. Kowa sai ya ware ɗan yanki ya gwada tukuna.

Wannan bincike ya zama tushen wani fanni sukutum. Everett Rogers, wanda shi ma ɗan manomin Ayowa ne, ya tattara ɗaruruwan bincike irin wannan a littafinsa na 1962 a kan yaɗuwar sababbin abubuwa. Ya kasa jama'a kashi biyar, daga 'yan gaba-dai gaba-dai waɗanda ba su wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari ba, har zuwa 'yan baya ga dangi, kashi 16. Da wannan ma'auni aka horar da malaman gona a ƙasashe masu yawa, har da namu.

Amma wannan hanya tana da aibi, kuma Rogers da kansa ya amsa haka a bugun littafin na baya. Ta ɗauka tun farko cewa sabon abu alheri ne, saboda haka duk wanda ya ƙi shi, laifin nasa ne: ko jahilci, ko riƙon al'ada, ko tsoro. Ba ta tambayar ko mutumin yana da kuɗin saye, ko abin ya dace da gonarsa. Dalilin wannan karkata ba boyayye ba ne. Tashar gwaji ta Ayowa, wadda take da hannu wajen samar da masarar, ita ce ta ɗauki nauyin binciken Ryan da Gross. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masanin yana tsaye ne a ƙofar ma'aikata yana leƙen manomi, bai juyo ya dubi ma'aikatar da ta aike shi ba.

Muna da shaidar wannan aibi a gida. Daga tsakiyar shekarun 1960 David Norman, masanin tattalin arzikin noma a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nazarci ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau. A lokacin shawarar malaman gona ita ce a shuka amfani iri ɗaya a gona ɗaya, manoma kuwa suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake. Norman ya nuna da alƙaluma cewa wannan haɗi ya fi biyan wahalar manomi a lokacin da aiki ya fi matsewa, ya kuma fi kare shi daga asara idan damina ta yi gardama. Ashe wanda aka kira ɗan baya ga dangi lissafi yake yi.

4.0 Gidauniyoyi da Koren Juyi

A ƙarshen 1940 Wallace ya ziyarci Meziko, ya ga ƙarancin amfanin gonakinta, ya dawo ya ba shugabannin Gidauniyar Rockefeller shawara su sa hannu. A 1943 gidauniyar ta fara aiki tare da gwamnatin Meziko, a 1944 kuma Norman Borlaug ya shiga aikin. Ta hanyar haɗa alkamarsu da wata gajeruwar alkama 'yar asalin Jafan mai suna Norin 10, suka sami iri mai gajeren kara wanda yake shan taki da yawa ba tare da ya kwanta ba. A 1966 Indiya ta sayi tan 18,000 na wannan iri. Alkamar da take nomawa ta tashi daga wajen tan miliyan 12 a 1965 zuwa wajen tan miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug kyautar Nobel ta zaman lafiya. A ɓangaren shinkafa, gidauniyoyin Ford da Rockefeller sun kafa cibiyar IRRI a Filifin a 1960, wadda ta fitar da irin IR8 a 1966. A 1968 William Gaud, shugaban hukumar ba da agaji ta Amurka, ya raɗa wa wannan yunƙuri suna Koren Juyi, domin ya bambanta shi da jan juyi na 'yan gurguzu.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne sabon nau'in ƙungiya da aka ƙirƙiro: cibiyar bincike wadda take zaune a wata ƙasa amma ba ta ƙarƙashin gwamnatin ƙasar, kuɗinta kuma daga masu ba da taimako yake zuwa. Irinta ce IITA da aka kafa a Ibadan a 1967, da ICRISAT da aka kafa a Indiya a 1972, wadda ta buɗe reshe a Sadore kusa da Yamai. A 1971 aka kafa CGIAR, wadda ta zama inuwar waɗannan cibiyoyi. Irin da suka fitar na jama'a ne, ana ba da shi kyauta, kuma da yake alkama da shinkafa da bununin kansu suke barbara, manomi yana iya ajiye iri. Amma irin ba ya cika alkawarinsa sai da taki da ban ruwa, saboda haka masu hali da yankunan da ke da madatsan ruwa su suka fara cin moriya. Gero da dawa da rogo da wake, abincin talakan Afirka, ba su sami kulawa irin ta alkama da shinkafa ba sai daga baya.

5.0 Tambaya ta Biyu: Wa Yake Zaɓen Abin da Za a Bincika?

Tumatir ne ya juyo da idon masana daga manomi zuwa ma'aikata. A Jami'ar Kaliforniya da ke Davis, injiniya Coby Lorenzen ya ƙera injin girbin tumatir, shi kuma Jack Hanna ya samar da tumatir mai taurin fata, mai nuna a lokaci guda, wanda zai jure wa injin. Da aka rufe shirin shigo da 'yan ƙwadago daga Meziko a 1964, sai injin ya bazu, kafin 1970 kusan duk tumatirin gwangwani na jihar da shi ake girbewa. Injin yana da tsada, kuma ba ya biyan kuɗinsa sai a babbar gona. William Friedland da Amy Barton sun nuna a 1975 yadda masu noman tumatir suka ragu daga wajen 4,000 zuwa wajen 600 cikin kimanin shekara goma, dubban 'yan ƙwadago kuma suka rasa aiki. A 1979 aka kai jami'ar ƙara bisa zargin ta yi amfani da kuɗin jama'a wajen amfanar manyan manoma kaɗai.

Daga nan tambaya ta zama: ta yaya aka yi jami'a ta zaɓi wannan matsala ta bar waccan? A 1983 Lawrence Busch da William Lacy suka buga nazarin da suka yi a kan masu binciken noma na Amurka fiye da dubu. Sun nuna cewa zaɓen abin bincike ba daga kimiyya tsantsa yake fitowa ba. Akwai tasirin fannin da mutum ya karanta, da abin da mujallu za su buga, da abin da zai kawo ƙarin girma a wurin aiki, da ƙungiyoyin manyan manoma masu bakin magana a majalisa, da kuma inda kuɗi yake. Ƙaramin manomi da ɗan ƙwadago da mai cefane ba su da kujera a inda ake yanke wannan shawara. Ba a ce masu binciken mugaye ne ba. Abin da aka ce shi ne tsarin ma'aikata yakan sa wasu tambayoyi su zo da sauƙi, wasu kuwa ba mai tunawa da su.

6.0 Tambaya ta Uku: Wa Ya Mallaki Iri?

A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna yadda za a yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin wata. A 1983 ƙungiyoyin masu bincike a Beljiyam da Amurka suka ba da sanarwar sun yi haka a jikin tsiro, ta hanyar amfani da wata bakteriyar ƙasa mai suna Agrobacterium. A 1994 aka fara sayar da tumatirin Flavr Savr na kamfanin Calgene, wanda bai yi kasuwa ba. A 1996 aka fara noman waken soya mai jure maganin ciyawa na Roundup, da auduga da masara masu ɗauke da ƙwayar gadon bakteriyar Bt wadda take kashe tsutsa. Daga hekta miliyan 1.7 a 1996, gonakin irin waɗannan amfani sun kai wajen hekta miliyan 190 a 2019, mafi yawansu a Amurka da Barazil da Ajantina da Kanada da Indiya.

Jack Kloppenburg na Jami'ar Wiskonsin, a littafinsa na 1988, ya ba da bayanin da ya ɗinke wannan zamani da na masara mai aure. Ya ce hanya biyu ce ake bi a raba manomi da irinsa a mayar da shi haja. Ta farko hanyar fasaha ce, watau a yi irin da ba ya maimaita kansa, kamar mai aure. Ta biyu hanyar doka ce, watau a haramta wa manomi sake shuka abin da zai iya tsirowa. Tarihin dokokin Amurka ya gaskata shi. Dokar 1970 ta ba masu samar da iri haƙƙin mallaka amma ta bar wa manomi damar ajiye na gonarsa. A 1980 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke a shari'ar Chakrabarty cewa ana iya mallakar halitta mai rai wadda mutum ya sarrafa. A shekarar ce kuma dokar Bayh-Dole ta ba jami'o'i izinin mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati. A 2013 kotun ta yanke wa wani manomin Jihar Indiyana hukunci cewa sake shuka waken soyan Monsanto ba da izini ba keta haƙƙin kamfanin ne.

Wannan ya sauya fasalin ƙungiyoyin kansu. Martin Kenney ya nuna a 1986 yadda malaman jami'a suka zama masu kamfanoni, iyakar da ke tsakanin ɗakin bincike da kasuwa ta dushe. A 1998 wani sashen Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 25 ta shekara biyar da kamfanin Novartis, abin da ya ta da ƙura har aka gayyaci Busch ya jagoranci bin ba'asinta. Kamfanonin magungunan feshi kuma suka yi ta saye kamfanonin iri. DuPont ya mallaki Pioneer a 1999, ChemChina ya sayi Syngenta a 2017, Bayer ya sayi Monsanto a 2018 a kan dala biliyan 63. Philip Howard, wanda ya yi shekaru yana bin sawun wannan haɗiye-haɗiye, ya nuna cewa bayan 2018 kamfanoni huɗu ne suke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya.

Duk da wannan ƙarfi, kamfanonin sun sha kaye a Turai. Rachel Schurman da William Munro, a littafinsu na 2010, sun bayyana dalili. Amfanin sababbin irin na farko ga manomi yake, mai cefane bai ga abin da ya ƙaru da shi ba. Ga shi kuma cutar haukan shanu ta 1996 ta zubar da mutuncin hukumomin kula da abinci a Ingila. Masu adawa suka gane cewa manyan kantunan sayar da abinci su ne gaɓa mai rauni, domin ba abin da za su rasa idan sun daina sayar da kayan, amma za su rasa masu saye idan sun ci gaba. A 1999 kantuna suka yi ta janyewa, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da ba da sabon izini har 2004. Ya kamata mu faɗa a nan cewa babban rahoton cibiyoyin kimiyya na Amurka na 2016 bai sami shaidar cewa abincin da ake sayarwa na irin waɗannan amfani ya fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba, ko da yake ya tabbatar da ɓullar ciyayi da tsutsotsin da suka daina jin magani. Saboda haka rigimar ta fi ƙarfin ɗakin gwaji. Magana ce ta amana da iko.

7.0 Daga Burkina Faso zuwa Samaru

Misalai biyu daga Afirka ta Yamma za su nuna amfanin wannan tarihi a gare mu. A 2008 Burkina Faso ta fara noman audugar Bt, cikin 'yan shekaru ta mamaye fiye da rabin gonakin audugar ƙasar. Manoma da yawa sun so ta, domin ta rage musu feshi da wahala. Amma zaren da take bayarwa ya fi na irin gida gajarta, darajar audugar ƙasar ta faɗi a kasuwar duniya. Shi manomi da nauyi ake biyansa, saboda haka asarar a kan kamfanonin gurzar auduga ta faɗa. Da yake su ne suke ba da iri da bashin taki, su ne kuma masu saye, sai suka yanke shawarar daina irin a 2016, aka kuwa daina. Da shigowar irin da fitarsa, ba manomi ne ya yanke ba.

Misali na biyu shi ne wake. Tashar Samaru, wadda aka fara a 1922, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tsutsar Maruca tana cin furen wake da kwansonsa, kuma ba a sami irin wake mai jure mata sosai ba a cikin dubban da aka gwada. Sai aka haɗa hannu: kamfanin Monsanto ya ba da ƙwayar gadon Bt ba tare da karɓar lada ba, hukumar kimiyya ta Ostireliya ta dasa ta cikin wake, gidauniyar AATF ta Nairobi ta riƙe yarjejeniyar, masu binciken Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku suka yi gwaji tun daga 2009 suka kuma shigar da halin cikin irin da manoma suka sani. Hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu, wadda dokar 2015 ta kafa, ta ba da izini a 2019, aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da shi a Kano a 2021. Masu binciken sun ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. A Janairun 2024 kuma aka saki masarar TELA, daga SAMMAZ 72T zuwa 75T. Ƙungiyoyi irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey sun yi adawa da duka biyun, a 2024 kuma Majalisar Wakilai ta nemi a binciki lamarin.

Idan muka auna waɗannan biyu da ma'aunin Kloppenburg, za mu ga bambancin da hayaniyar goyon baya da adawa takan rufe. Wake da bununin kansa yake barbara, saboda haka irin da manomi ya ajiye zai tsiro da halinsa. Masarar TELA kuwa mai aure ce, dole a sayi sabuwa kowace shekara, kuma wannan ya samo asali ne daga dabarar Shull ta 1908, tun kafin a san dashen ƙwayar gado. Wanda ya haɗa su a kwando ɗaya, ko don yabo ko don suka, bai taimaki manomi ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda masana zaman jama'a suka fara da leƙen manomi, suka juyo ga ma'aikatar bincike, suka ƙare a kan doka da kamfani da mai cefane. Tambaya ta baya ba ta kashe ta gaba ba, kuma a ganinmu dukkan ukun suna jiran amsa a ƙasarmu. Muna bukatar sanin waɗanne manoma ne suke samun sabon waken, a kan nawa, daga hannun wa, da yadda za su bambance shi da jabu. Muna bukatar sanin wa yake zaɓen abin da cibiyoyinmu za su bincika muddin kuɗin manyan ayyuka daga waje yake zuwa, da abin da zai sami aikin ranar da mai bayarwa ya janye hannu. Muna kuma bukatar sanin yadda mai ƙosai da mai alala za su san abin da suka auna, a kasuwa irin ta Dawanau inda ake cinikin wake a buhu da tiya, ana kuma lodinsa zuwa ƙasashen maƙwabta.

Waɗannan tambayoyi ba masanin tsirrai kaɗai zai amsa su ba, ba kuma za a amsa su daga ofis ba. Shawararmu ga sassan nazarin zaman jama'a na jami'o'inmu ita ce su tura ɗalibai ƙauyuka da kasuwanni da cikin cibiyoyin binciken kansu tun yanzu da abin yake sabo, a rubuta abin da aka gani shekara bayan shekara, kamar yadda aka yi a Ayowa a 1941 da Ɗan Mahawayi a shekarun 1960. Idan aka bari sai bayan shekara ashirin, manoman da suka fara shuka irin sun manta dalilinsu, tsofaffin irin da suka bari kuma mai yiwuwa ba a same su a rumbun kowa ba.